Fim ɗin siyasa da harbe-harbe: me ya sa 'yan kallo suka yafe wani abu suka ƙi yafe wani?

Ɗan Gwammaja:

Assalamu alaikum, masana harkar fim. Akwai wani fim na siyasa da faɗa da aka saka a YouTube, da gani ka san kuɗin da aka zuba masa ba su taka kara sun karya ba. Labarin mataimakin gwamna ne da ake ƙulla masa tsigewa, ga ubangidan siyasa, ga 'yan jagaliya, ga wani ɗan jarida da ake farauta saboda wata takarda. Abin da ya ɗaure min kai shi ne martanin mutane. Ba wanda ya yi ƙorafin cewa gidan gwamnatin bai kai gidan gwamnati ba, alhali falon wani gida ne a Nassarawa GRA. Amma wajen harbe-harben sai dariya ake yi, wasu na cewa ba sa jin magana sai kiɗa, wasu kuma sun bar fim ɗin gaba ɗaya sun koma rigimar wane ɗan siyasa ake nufi. Wai ina matsalar take, rashin kuɗi ne ko rashin sani? In mutum zai yi irin wannan fim da ɗan abin hannunsa, ina ya kamata kuɗin su tafi?

Edita Zoo Road:

Wa alaikumus salam, Malam. Fara da ƙorafin da ya fi kowanne gaskiya, na rashin jin magana. Mutum zai jure hoto mai ɗan duhu, amma ba zai jure buɗe kunne yana "me ya ce?" ba, balle a fim ɗin siyasa da duk makircin a baki yake.

Yawanci abu uku ne ke jawo shi. Makirfon da ke jikin kyamara ake dogara da shi, jarumi kuwa yana mita uku ko huɗu daga nan, sai amon ɗaki ya fi muryarsa yawa, musamman falo mai tayil da silin mai tsawo. Makirfon sanda ya kamata ya sauko ya tsaya kamar santimita 40 zuwa 60 daga bakin mai magana, daga sama, yana kallon ƙirjinsa. Na maƙalawa a riga kuma, shadda mai sitati maƙiyiyarsa ce, ko numfashi jarumi ya yi sai ka ji ƙaras-ƙaras. A naɗe shi da ɗan filasta ta ciki yadda yadin ba zai goge shi ba. Sai janareta. A kai shi nesa, mita 30 ko fiye, a sa katanga tsakaninsa da wurin ɗauka, kuɗin doguwar wayar wuta bai kai na sake ɗaukar murya ba. A kashe firji da fanka. Kafin a tashi daga kowane ɗaki a ce kowa ya yi tsit na minti ɗaya a naɗi shirun ɗakin, da shi ake cike gurbi in an yanka magana, in babu shi sauti ya riƙa ɗaukewa yana dawowa.

Na ukun a teburin tacewa yake. Magana ta riƙa kaiwa tsakanin -12 da -6 a ma'aunin sauti, kiɗa kuma ya sauka ƙasa da ita da kamar 15 zuwa 20 duk lokacin da wani ke magana. Editoci da yawa da babbar sifika suke aiki, alhali mai kallo a ƙaramar waya zai gani, wataƙila a cikin A Daidaita Sahu. Ƙaramar sifikar waya ba ta fitar da sauti mai kauri, sai muryar namiji ta nutse, kiɗa mai kaifi ya taso. Kafin a saki fim a tura shi a waya mafi araha da ke ofis, a fita bakin titi a saurara.

Yanzu harbin da ake wa dariya. Ba bindigar roba ce ke tona asiri ba, abin da ke biyo bayan jan kunama ne. Fim ɗinmu hoto 25 ne a daƙiƙa, wutar bakin bindiga kuwa hoto ɗaya take ɗauka, in ta yi yawa biyu. Da yawa sai su bar ta hoto biyar ko shida, launinta ruwan lemo tsantsa, girmanta ɗaya a kowane harbi. Kuma da rana tsaka wutar kusan ba a ganinta, hayaƙi da ƙura ne ke nunawa. Da dare kuwa, in wuta ta fito dole ta haska fuskar mai harbi da bangon da ke kusa a wannan hoto ɗayan, in ba haka ba ido zai gane liƙa ta aka yi. Sai jijjigar kafaɗa, wadda jarumi zai yi da kansa, gajeriya mai kaifi zuwa baya, ba ya ɗaga bindigar sama kamar mai daka ba. Sai kwanson harsashi da ke fita ta dama. Ana iya samun mutum a gefen kyamara ya riƙa cilla guntun bututun tagulla, a ƙara ƙarar faɗuwarsa a tayil daga baya.

Sautin harbi hawa uku ne: ƙarar ƙarfe ta cikin bindiga, fashewar kanta, da amon da wurin ya mayar. Amon lungu daban, na fili daban, na cikin mota daban. Abin da ake yi shi ne a sauko da ƙara guda daga intanet a maimaita ta sau ashirin, kunne kuwa yana gane maimaici tun a na uku. A samu iri huɗu ko biyar a riƙa sassaɓawa. Kuma a ƙirga harsashi. Gidan harsashin AK-47 guda 30 yake ci, in aka danne kunama kuwa cikin kamar daƙiƙa uku ya ƙare. Jarumin da ya yi minti guda yana ɓarin wuta bai sauya ba, ko yaro ya san wasa ne.

Naushi ya fi sauƙi. A bar tazarar kamar santimita 30 tsakanin hannu da fuska, kyamara ta tsaya a bayan kafaɗar ɗayansu da gilashi mai jawo nesa, na milimita 50 zuwa 85, shi zai matse tazarar. Wanda aka nausa shi ke sayar da naushin da juya wuyansa a kan lokaci. A wajen tacewa a cire hoto ɗaya ko biyu daf da saukar hannu, sai dukan ya yi nauyi. A waje da rana ana iya ɗaga saurin rufewar idon kyamara zuwa 1/200 na daƙiƙa motsi ya yi kaifi, amma a ƙarƙashin ƙwan lantarki a tsaya a 1/50 ko 1/100, domin wutarmu mai zagaye 50 ce a daƙiƙa, in aka saɓa hoto ya riƙa ƙyaftawa. Da ƙaramin janareta ma ko an bi wannan a duba allo, saurinsa ba ya tsayawa wuri ɗaya.

Malam Mai Alƙalami:

Edita ya gama da ɓangarensa, Allah Ya ƙara basira. Sai dai ni a ganina, ranka ya daɗe, ko an gyara duk wannan ba a kai ga jijiyar ba. Ɗan Gwammaja ya faɗi wani abu a tambayarsa da ya kamata a tsaya a kai: an yafe wa gidan gwamnati na bogi. Me ya sa? Saboda mafi yawan masu kallo ba su taɓa shiga ofishin gwamna ba, duk abin da ka nuna musu za su karɓa. Amma siyasa? A Kano mai shayi ma malaminta ne. Mutanen da suka ga zaɓen gwamna na 2019 da aka ce bai kammalu ba, suka san abin da ya faru a mazaɓar Gama, suka bi shari'ar zaɓen 2023 tun daga kotun sauraron ƙararrakin zaɓe har Kotun Ƙoli, ba za ka yi musu ƙarya a kan yadda ake murɗiya ba su ƙyale ka.

Ɗauki tsigewar da aka gina labarin a kanta. A irin waɗannan finafinai sai ka ga ubangida ya buga waya da dare, da safe kakakin majalisa ya buga guduma, an tsige mutum. Sashe na 188 na kundin tsarin mulkin 1999 ya shimfiɗa matakan. Sai kashi ɗaya cikin uku na 'yan majalisa sun sa hannu a takardar zargi. Majalisar Kano kujeru 40 ce, ke nan mutum 14. Kakaki ya miƙa wa wanda ake zargi kwafi cikin kwana 7. Cikin kwana 14 majalisa ta kaɗa ƙuri'a ko a bincika, wannan kuma sai da kashi biyu cikin uku, mutum 27. Sannan Babban Jojin jiha ya naɗa kwamitin mutum bakwai, a ba su har wata uku su kawo rahoto. In sun ce zargi bai tabbata ba magana ta mutu a nan, in sun ce ya tabbata sai an sake samun 27 ɗin.

Ku duba irin arzikin da marubuci ya zubar. Neman mutum na 27 kaɗai fim ne guda. Wa za a saya, wa za a tsorata, wa za a kwashe a ɓoye a otal a ƙwace masa waya, wa mahaifiyarsa za ta kira ta ce in ya sa hannu ba ta yafe ba. Duk a ɗaki ake ɗaukar wannan, mutum biyu ko uku, ba harsashi ko ɗaya, kuma mai kallo zai riƙa ƙirga tare da kai.

Haka satar akwati. Har yanzu ana nuna yara sun sure akwati sun gudu, washegari an rantsar da ubangidansu. Wanda ya taɓa zama wakilin jam'iyya a rumfa ya san takardar EC8A ce abin faɗa, wadda ake rubuta sakamakon rumfa a kai, wakilai su sa hannu a ba kowa kwafi. Daga rumfa a tafi mazaɓa, daga mazaɓa a tafi ƙaramar hukuma, daga nan sai jiha. Kano mazaɓu 484 ne a ƙananan hukumomi 44, kuma tsakanin rumfa da wurin tattara sakamako, da dare, a makarantar firamare da babu wuta, nan ne ainihin tashin hankalin yake. Tun da aka fara aiki da na'urar BVAS mai tantance masu zaɓe ma sai lissafi ya sauya, domin ana gwada yawan ƙuri'u da yawan waɗanda na'ura ta tantance. Takardar da ɗan jaridar fim ɗin ke gudu da ita, in da kwafin EC8A ne na asali da ya saɓa da wanda aka bayyana, kuma ga wa'adin kwana 21 na shigar da ƙara yana ƙaratowa, da kowa ya fahimci dalilin da ake son kashe shi ba tare da dogon bayani ba.

Batun "wa ake nufi" kuwa, masu fim ne ke jawo wa kansu. A garin nan launin hula magana ne. Ka sa wa mugun fim jar hula, ka riga ka zaɓi ɓangare ko ba ka yi niyya ba. Haka tsintsiya, haka lema, haka kwandon kayan marmari, ko a bango aka hango su. A ƙirƙiri jiha, a ƙirƙiri jam'iyya da tambarinta da takenta, a zaɓi launin da ba na kowa ba, a kuma hana jarumi kwaikwayon muryar wani sanannen ɗan siyasa ko salon gaisuwarsa. Da zarar an gane mutum ɗaya, rabin masu kallo sun zama lauyoyinsa, rabi masu gabatar da ƙara, fim ɗin kuma ba mai sake kallonsa a matsayin labari.

Hajiyar Kwalliya:

Malam Mai Alƙalami, gaskiyarka, amma kada a raina ƙananan abubuwa, su ake yankowa a yi ta yawo da su a TikTok ana dariya. Jini na farko. Wanda ake haɗawa da jan kala da ruwa kawai yana fitowa ruwan hoda a kyamara, ya bi farar shadda ya baje kamar zoɓo. Ga haɗin da ke aiki: kofi ɗaya na ruwan gulukos mai kauri irin na masu kek, babban cokali biyu na ruwa, babban cokali ɗaya na jan kalar abinci, ɗigo biyu ko uku na shuɗiya, da babban cokali ɗaya na garin koko na cakulan don ya kashe ƙyallin ya ba shi duhu. A gwada a kan yadin da za a sa, a kalla ta cikin kyamara, ba da ido ba. Wanda zai taɓa tufa a ɗiga masa sabulun ruwa kaɗan don ya fita a wanki, amma wanda za a sa a baki ban da sabulu. Jinin da ya jima kuma ba ja ba ne, ya koma ruwan ƙasa mai duhu, don haka raunin jiya da na yanzu ba kwano ɗaya za a ɗebo musu ba. Da zafin Kano ƙuda na bin sa saboda zaƙi, a shafa daf da ɗauka.

Rigar da za a ɓata a ɗinka ta uku iri ɗaya: mai tsabta, mai jini, da ta ko-ta-kwana. A ɗauki hoton raunin da waya kafin a tashi, in ba haka ba gobe ya koma ɗaya kafaɗar, kuma wallahi sai an samu wanda ya lura.

Kakin jami'an tsaro ma haka. Anini a kafaɗa da bai dace da muƙamin da ake kiran mutum da shi ba, ko ɗan sanda da takalmin gayu, nan take ake ganewa. Kuma, ɗan'uwa, kada a fita titi da kaki da bindigar roba ba tare da an rubuta wa rundunar 'yan sanda a Bompai an samu amincewa ba, a kuma sanar da ofishin 'yan sandan yankin da mai unguwa. Wanda ya hango daga nesa bai san roba ba ce.

Ɗan Gwammaja:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. To taron siyasa fa? An yi ta tsokanar cewa ɗan takarar gwamna mutum ashirin ne a gangaminsa. Sannan faɗan 'yan daba, na ji an ce hukuma ba ta bari yanzu.

Baban Rumfa:

Ƙanina, ɗauki ta biyun da muhimmanci tun kafin a rubuta layi ɗaya. Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ta hana finafinan da ke nuna garkuwa da mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya a 2021, a 2024 kuma ta sanar da hana masu nuna harkar daba. Sakawa a YouTube ba ya fitar da kai daga hannunta, a 2025 ta dakatar da finafinai masu dogon zango 22 saboda sakin su ba tare da hukumar ta duba su ba. Saboda haka a kai mata labarin tun yana takarda. Gyara a takarda kyauta ne, gyara bayan ɗauka kuwa shi ke sa mai kallo ya ga an zare adda, kafin ya ƙifta ido an koma falo ana shan lemo, ya ce edita bai iya aiki ba alhali almakashi ne ya bi ta kai.

Ni ina ganin wannan takunkumin ma gata ne ga mai ƙaramin jari. Ba sai an nuna sara ba. A nuna masu shaguna na jan ƙofa da gudu, mai lemo ya bar tirensa, uwa ta fizgo ɗanta cikin soro, ihu na matsowa daga bayan lungu, sai takalmi wari ɗaya a tsakiyar titi. Duk wanda ya taɓa kasancewa a unguwa ranar da aka ce "ga su nan" jikinsa zai ba shi sauran.

Gangami kuwa, kuskuren shi ne zuwa fili. Mutum 50 a filin ƙwallo ba komai ba ne, amma a lungu mai faɗin mita huɗu ko biyar, ko a ƙaramin ɗakin taro, sun cika shi maƙil. Kyamara ta sauko daidai ƙugu, a sa kawuna da tutoci da kwalaye a gabanta su toshe gefe da gefe, kada a bar sarari ya fito a bayan layin ƙarshe. A ɗauki gefen dama, a sauya musu huluna da wurin tsayuwa, waɗanda ke gaba su koma baya, a ɗauki gefen hagu. Jirgin ɗaukar hoto daga sama a bar shi a jaka, shi ne babban mai tona asiri, daga sama ana ƙirga kawuna. Sauran aikin na kunne ne: a naɗi mutanen suna taken jam'iyyar sau huɗu ko biyar daga nisa daban-daban, a jera a kan juna, a ƙara kalangu da amon lasifika mai ɗan tsatsa. Kwambar gwamna ma mota uku sun isa in an ɗauke su suna shan kwana ɗaya bayan ɗaya aka yanke kafin ta ƙarshe ta gama wucewa, jiniya ta ci gaba a kunne.

Abu ɗaya da zan ɗan saɓa da 'yan'uwa a kai: kada a ɗauki abin da ake rubutawa a ƙarƙashin fim a matsayin hukuncin dukkan masu kallo. Masu rubutu 'yan kaɗan ne, kuma mai fushi da mai barkwanci sun fi mai gamsuwa saurin taɓa waya. Wasu ma 'yan ɓangare ne da ba su kalli fim ɗin ba, guntun da aka tura musu a WhatsApp suka gani. Mai tashar ya buɗe YouTube Studio ya duba layin da ke nuna inda mutane ke tserewa. In ya faɗi a daƙiƙa 30 na farko, jerin sunaye da gaisuwar masu ɗaukar nauyi ne suka kore su, a mayar da su ƙarshe. In ya yi rami a tsakiya, a je daidai mintin a gani, sau da yawa za a tarar waƙar soyayya ce aka cusa ana tsakiyar farautar mutum, ko zaman falo na minti bakwai ana maimaita abin da mai kallo ya riga ya gani da idonsa. Inda layin ya yi tudu kuwa mutane ne ke komawa baya su sake kallo, sai a duba ko don daɗi ne ko don dariya.

Rabon kuɗi, tunda ka tambaya: marubuci da wanda ya san dokar zaɓe ya duba masa aikin su ne farko, sai mai ɗaukar sauti da kayansa, sai kwana ɗaya cur na gwajin faɗa kafin ranar ɗauka, da abincin 'yan taro da kuɗin motarsu, don mai jin yunwa ba ya ihu kuma da la'asar zai sulale. Kyamara mai tsada ita ce ta ƙarshe a layi. A rage wuraren faɗa zuwa biyu, kowanne kada ya wuce minti ɗaya da rabi, a ware wa kowanne yini guda. In jinin ya yi yawa a fili kuma YouTube na iya rage tallan da ke kan fim ɗin ko ta sa masa iyakar shekaru, don haka hoton bango da mintunan farko a bar su ba jini.